Shirin sauti da rubutu a intanet: me za su amfana wa ɗakin karatu a Gombe?

Wata ma'aikaciyar ɗakin karatu ta aiko mini da tambaya daga Gombe. Ta ce masu zuwa wurinsu sun ragu ƙwarai, in ban da ɗalibai a lokacin jarrabawa, shugabanta kuma ya dawo daga wani taro yana cewa lallai ne su fara fodkas da rubuce-rubuce a intanet kamar yadda ake yi a ƙasashen waje. Tana so ta san ko abin yana da amfani na gaske ga jama'ar da yawancinsu ba su saba karanta dogon rubutu a waya ba, ko kuwa yayi ne da zai wuce, sannan idan yana da amfani, ta ina za ta fara alhali ba a ware masa ko kwabo ba.

Malama, yana da amfani, amma bisa sharaɗi guda: ku ɗauke shi a matsayin aikin laburare, wato tattarawa da tsarawa da adanawa da isarwa ga mai bukata, kada ku ɗauke shi a matsayin talla. Na ga wuraren da aka fara shi don a ce su ma sun fara, aka yi shiri uku ko huɗu ana yabon shugaba ana lissafa yawan littattafan da ke kan kanta, daga nan abin ya mutu kamar wutar kara. Ba wanda zai ƙona datarsa don ya ji yawan littattafanku. Amma akwai abin da ɗakin karatu yake iya yi da murya wanda gidan rediyo ba ya yi, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Bari in fara fayyace abin da ake kira fodkas, domin mutane da yawa suna ɗauka duk muryar da aka tura ta waya ita ce. Kalmar ta bayyana a 2004 a rubutun wani ɗan jarida mai suna Ben Hammersley a jaridar Guardian ta Ingila, an haɗa ta ne daga sunan na'urar iPod da kalmar Turanci ta watsa shiri, a 2005 kuma kamfanin Apple ya shigar da irin waɗannan shirye-shirye cikin manhajarsa ta iTunes, daga nan suka bazu. Abin da ya bambanta fodkas da muryar WhatsApp shi ne wani ɗan fayil da ake kira RSS, wanda yake ɗauke da jerin shirye-shiryen, kowane da sunansa da ranarsa da bayaninsa da adireshin inda sautin yake. Manhajar mai sauraro tana leƙa wannan jeri lokaci zuwa lokaci, da ta ga sabon shiri sai ta kawo masa. Duk wanda ya yi aikin katalog zai gane cewa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, katin littafi ne aka mayar na sauti.

A ƙasashen da shugabanki yake magana a kansu, ɗakunan karatu suna amfani da abin ta hanyoyi daban-daban. Babban ɗakin karatun jama'a na birnin New York yana naɗar hirarrakin da ake yi da marubuta a zaurensa ya saki, don wanda bai samu zuwa ba ya ji. Na Brooklyn ya fara wani shiri mai suna Borrowed a 2019, yana ba da labaran mutanen unguwanninsa da alaƙarsu da ɗakin karatu. Akwai kuma LibriVox da aka kafa a 2005, inda 'yan sa-kai suke karanta littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kowa ya saurara kyauta. Wanda na fi so ki lura da shi kuwa shi ne StoryCorps, da Dave Isay ya kafa a Amurka a 2003. Tsarinsa shi ne mutum biyu da suka san juna, kamar jika da kaka, su zauna su yi hira ta kimanin minti 40, a ba su kwafi, a ajiye wani kwafin a ɗakin karatun Majalisar Dokokin Amurka, sannan a yanko ɗan guntu a watsa ta rediyo da fodkas. Ki duba yadda aka jera abin: ajiya ce gaba, watsawa tana biye. Wannan shi ne ya fi dacewa da mu.

Dalilina shi ne, mutanenmu ba su rasa abin saurare ba. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957 kunnen Bahaushe ya saba da rediyo, ga gidajen rediyo na cikin Gombe, ga karatuttukan malamai cike da katin memori. Idan kuka ce za ku yi gogayya da su wajen labarai ko nishaɗi, kun ɗauki dala ba gammo. Sai dai gidan rediyo yana watsa shiri ne don yau, gobe ya shiga wani, kuma ba kasafai mai bincike zai je bayan shekara goma ya ce a ba shi hirar da aka yi da wane ya samu ba. Ɗakin karatu kuwa dalilin kafa shi ke nan, a ajiye abu yadda wanda ba a haifa ba tukuna zai zo ya tarar.

Ki tambayi kanki abin da mutanen Gombe suka sani wanda babu shi a cikin ko littafi ɗaya da ke kan kantarku. Littattafan tarihi za su gaya miki cewa Buba Yero ne ya kafa masarautar a zamanin jihadi, cewa an yi yaƙin Burmi a 1903 inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, cewa hedikwatar masarautar ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913 sannan ta koma Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919, cewa an cire jihar daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996. Abin da ba za su gaya miki ba shi ne yadda gari ya sauya da jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960, ko yadda ake auna auduga da biyan manomi a zamanin da kamfanin gurzar auduga yake tashe har unguwar BCGA ta samu sunanta, ko yadda dillalan Tudun Hatsi suke gane hatsin bana da na bara da tafin hannu, ko yadda rayuwar masunta da manoman bakin kogin Gongola ta koma bayan an gina madatsar ruwa ta Dadin Kowa. Waɗanda suka ga waɗannan abubuwa da idonsu suna raguwa kowace shekara. Tsohon ma'aikacin reluwe da yake zaune a ƙofar gidansa yau yana da abin da babu shi a rumbun kowace jami'a, kuma ba zai rubuta ba, amma in an zauna da shi cikin ladabi zai faɗa.

A nan ke kina da wata dama da ni ban samu ba a shekarun da na yi ina wannan aiki. Akwai cikin gida da namiji baƙo ba ya shiga, kuma a can ne tsofaffin mata suke riƙe da waƙoƙin daka da na niƙa da na reno, da tatsuniyoyi, da sanin ungozoma, da labarin yadda aka yi fama da fari a farkon shekarun 1970. Kusan duk abin da aka tattara na tarihin baka a ƙasar nan muryar maza ce, sarakuna da malamai da 'yan siyasa. Idan ba ku yi komai ba sai hira ashirin da dattawan mata na Jekadafari da Bolari da Herwagana, aka tsara su aka ajiye, ni a wurina kun yi aikin da ya fi sayen kwali goma na littattafan da ba mai buɗawa.

Kada kuma ku tsaya a Hausa kaɗai. Jihar Gombe tana da Tangale a Billiri da Kaltungo, da Tera a Yamaltu da Deba, da Waja a Balanga, ga Bolanci da Fillanci da wasu da dama, kuma yara da yawa da aka haifa a cikin gari suna jin harshen iyayensu ba sa iya mayarwa. Littafi a waɗannan harsuna kaɗan ne, amma masu magana da su suna nan. Ku naɗi hirar da harshen da mai magana ya fi sakewa a cikinsa, sannan a yi taƙaitawa da Hausa. Ɗakin karatun jama'a na kowa ne, Musulmi da Kirista, ɗan gari da baƙo, ya kamata a ji hakan a muryoyin da yake ajiyewa.

Akwai amfani na biyu da ya fi wannan sauƙi, wato amsa tambayoyin da ake yawan kawo muku. Duk shekara ɗalibai suna zuwa da ruɗani iri ɗaya a kan rajistar JAMB, iyaye suna tambayar yadda ake neman gurbi a Jami'ar Jihar Gombe ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, manoma suna son sanin lokacin shuka da irin da ya dace. Shiri na minti goma da wanda ya san abin ya wadatar. Sharaɗin kawai shi ne kada ma'aikacin laburare ya mai da kansa likita ko malamin gona ko mai ba da fatawa. Aikinmu mu nemo masanin, mu yi masa tambayar da talaka zai yi, mu faɗi sunansa da matsayinsa da ranar da ya yi maganar, don mai sauraro ya san daga ina ta fito, ya kuma san in ta tsufa.

Maganar kayan aiki ba ta da tsawo. Wayar da ke hannunki za ta iya, in aka ƙara mata ƙaramin makirfo mai maƙalewa a wuyan riga. Manhajar Audacity kyauta ce, tana aiki a tsohuwar kwamfuta, da ita za ki yanke ki daidaita. Abin da yake ɓata sauti a wurinmu ba arhar na'ura ba ne, ƙarar fanka ce da janareto da babura da amsa-kuwwar ɗakin siminti wanda babu komai a ciki. Ɗaki mai labule da darduma da kantocin littattafai ya fi zaure mai faɗi, kuma safiya kafin gari ya ɗau hayaniya ta fi yamma. Ki naɗi asalin hirar a tsarin WAV, wanda ba a matse shi ba, ko da yake minti ɗaya yana cin megabayit 5 ko fiye, wannan shi ne na ajiya. Wanda za a raba wa jama'a sai a matse shi zuwa MP3, kuma ga muryar mutum kilobit 64 a daƙiƙa ya isa, wanda ke nufin shirin minti 15 zai tashi kimanin megabayit 7. Ki riƙe wannan lissafi, domin shi ne zai sa mai ƙaramar data ya buɗe ko ya wuce.

Wajen rabawa ne nake ganin masu kwaikwayon ƙasashen waje suna kuskure. Su ɗora shiri a Spotify su zauna jiran masu sauraro, bayan mutanen da suke son kaiwa gare su ba su taɓa buɗe wannan manhaja ba. Ku ɗora a can, ba laifi, don 'yan Gombe mazauna Abuja da Legas da ƙasashen waje su samu. Amma hanyar da sauti yake tafiya a garuruwanmu ita ce zaurukan WhatsApp, da turi daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender, da 'yan dawunlodin da ke shagunan caji a kasuwa da tasha, waɗanda suke cika wa mutane katin memori. Ku kai musu shirin kyauta, ku ce su saka wa duk mai so. Ku ajiye kwamfuta ɗaya a ɗakin karatu da za a tura wa duk wanda ya zo da wayarsa, wannan kaɗai zai shigo muku da mutanen da ba su taɓa taka ƙofarku ba. Ku kuma yi magana da gidan rediyo, domin sau da yawa suna neman shiri mai kyau na gida da za su cike fili da shi. Tun da shirin zai yi ta yawo ba tare da rubutun da ya raka shi ba, dole ne a farkon kowane a faɗi da baki sunan ɗakin karatun da ranar naɗi da wanda yake magana.

Sai maganar rubutu, wanda shugabanki ya haɗa da sautin, kuma ya yi daidai da ya haɗa su. Shafin rubutu irin na WordPress ko Blogger ana buɗe shi kyauta, kuma ni ina ɗaukarsa a matsayin katalog na muryoyin. Mai bincike ba ya iya neman kalma a cikin sauti yadda yake nema a rubutu, saboda haka hirar da ba a rubuta bayaninta ba kamar littafi ne da aka jefa a kanta ba lamba. Kowace hira ta samu shafinta: sunan mai magana in ya yarda, unguwa ko gari, rana, harshe, wanda ya yi hirar, taƙaitaccen bayani, sunayen wurare da sana'o'in da aka ambata, da minti nawa ne aka fara kowace magana. A ƙasa ku ambaci littattafai biyu ko uku da kuke da su a kan batun da inda suke a kanta, ta haka sautin yake mayar da mutum ga takarda. In da hali a rubuta hirar gaba ɗaya, sai dai ki sani aiki ne mai cin lokaci, awa ɗaya ta magana takan ci awa biyar ko fiye wajen rubutawa, a nan ne ɗaliban sashen Hausa ko tarihi da masu hidimar ƙasa za su taimaka. Ku rubuta Hausar da ƙa'ida, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suke, domin abin da ɗakin karatu ya wallafa yara za su ɗauka shi ne daidai. Facebook yana da kyau wajen sanarwa, amma abin da aka sa a can bayan mako guda ya nutse, bai dace ya zama ma'ajiya ba.

Akwai abu biyu na doka da ba na so ki yi sakaci da su. Na farko haƙƙin mallaka. Tunanin da yake fara zuwa wa kowa shi ne a ɗauko littafin Hausa da ake so a karanta shi babi-babi. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, haƙƙin rubutun adabi yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubucin ya rasu. Malam Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, ke nan waƙoƙinsa suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2028, rubutun Sir Abubakar Tafawa Balewa da ya rasu a 1966 kuwa sai ƙarshen 2036. Marubutan da suke raye ba sai an faɗa ba, a nemi izininsu a rubuce, da yawansu za su yi murna su zo su karanta wani yanki da bakinsu. Akwai sassauci ga makafi da masu raunin gani, bisa yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 da Najeriya ta amince da ita a 2017, wadda ta ba da damar mayar musu da littafi sauti, amma wannan dominsu ne, ba lasisin sakin littafin ga duniya ba ne.

Na biyu yardar wanda aka yi hira da shi. Dattijuwar da take ba ki labari a tsakar gidanta wataƙila ba ta san cewa jikanta da ke Saudiyya da kishiyar 'yarta da ke Kumo duk za su iya ji ba. Ki bayyana mata wannan ɓaro-ɓaro kafin ki kunna na'ura. Wadda ba ta karatu a naɗi yardarta da muryarta a farkon hirar, a gaban wani nata, a kuma ba ta zaɓi: a saki duka, ko a saki wani ɓangare, ko a ajiye don masu bincike kaɗai, ko a ɓoye suna. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sa wannan ya zama wajibi, amma tun kafin doka amana ce. Maganar rikicin sarauta da iyakar gona da saɓanin addini ko ƙabila za ta fito ko ba ki nema ba, kuma kin san yadda irin wannan take da zafi a wasu sassan jihar. Ki ajiye ta a asalin naɗin yadda aka faɗe ta, amma kada ta shiga abin da za a watsa sai an auna ta sosai.

Abin da ya fi ci mini rai shi na bari a baya. Shekaru da suka wuce, a wani wurin da na yi aiki, mun naɗi hirarraki da dattawa masu sana'ar ƙira da jima, muka tara su a kwamfuta ɗaya ta ofis muna cewa za mu kwafa in an samu kuɗin sayen faifai. Wuta ta zo da ƙarfi wata rana ta ƙona ta, ba a ceto komai ba, kuma kafin mu sake shiri biyu daga cikin dattawan sun riga mu gidan gaskiya. Har yau in na tuna sai in ji nauyin abin. Saboda haka ki riƙe ƙa'idar da masu adana bayanai suke bi: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban da ginin ku. Kada ki dogara da kamfani, Google da girmansa ya rufe manhajarsa ta fodkas a 2024. Kada kuma ki ce babbar hukuma ba ta faɗuwa, domin a Oktoban 2023 masu kutse sun durƙusar da na'urorin babban ɗakin karatun Birtaniya, aka yi watanni ana fama. Ma'ajiyar intanet da ake kira Internet Archive tana karɓar sauti kyauta, za ta iya zama ma'ajiya ta uku ga abin da aka yarda a saki. Sannan adireshin imel da kalmar sirri na shafin su zama na ɗakin karatu, a rubuta a ajiye a wurin shugaba, kada su zama na ma'aikaci ɗaya wanda in an yi masa canjin wurin aiki sai ya tafi da komai a wayarsa.

Idan shugabanki ya tambayi yadda za a san ko ana cin riba, ki gaya masa tun yanzu cewa alƙaluman intanet ba za su nuna gaskiya ba, domin shirin da aka tura ta WhatsApp ko katin memori ba ya ƙirguwa. Ku buɗe rajista a teburin karɓar baƙi, duk wanda ya zo a tambaye shi inda ya ji labarinku, a rubuta wanda ya zo karɓar sauti, da wanda ya zo neman littafin da aka ambata, da wanda ya zo yana cewa akwai kakarsa da ya kamata a yi hira da ita. Game da farawa kuwa, kada ku yi alƙawarin kowane mako. Ku naɗi hira huɗu, ku gyara su, ku rubuta bayaninsu, ku yi kwafi uku, kafin ku saki ko ɗaya, sannan ku riƙa fitar da guda a kowane wata a rana tsayayya. Cikin mutum huɗun nan ki fara da wanda ya fi tsufa, kuma ki je wurinsa a wannan makon.